Rumbunan Bayanan Bincike na Intanet da Nazarin Noma a Karkarar Kano

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan abin da za mu kira rumbun bayanan bincike, watau irin ma'ajiyar nan ta intanet wadda masana kimiyya ke zuba sakamakon awo da ƙidayar da suka yi a cikinta, domin wani manazarci ya nemo, ya duba, ya kuma yi aiki da su, ko da bai taɓa saduwa da wanda ya tara su ba. Don kada maganar ta tafi a iska, za a ɗaure ta da wuri ɗaya, watau karkarar da ta kewaye birnin Kano, musamman ɓangarenta na arewa, inda ake da Ungogo da Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta. An zaɓi wannan yanki ne saboda yana cikin wuraren da aka fi yin nazarin nomansu a Afirka ta Yamma, kuma babbar tambayar da ake yi a kansa tambaya ce da ba ta amsuwa sai an kwatanta awon jiya da na yau. Ra'ayin wannan takarda shi ne, rumbunan da ake da su yanzu sun wadata da sabon bayani mai faɗi, amma tsohon bayani da bayani na kusa, waɗanda su ne wannan kwatanci ke bukata, har yanzu aikin shigar da su yana gabanmu.

2.0 Yankin da muhawarar da ke kansa

A shekarar 1965 ne Michael Mortimore da J. Wilson suka fitar da rahotonsu mai suna Land and People in the Kano Close-Settled Zone daga Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Sun shata iyakar yankin da yawan jama'a: duk inda mutane suka kai 350 a murabba'in mil guda, ya shiga ciki. A irin wannan wuri babu sauran saura. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana noma ta kowace damina, gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, sau da yawa bisa tsarin gicci, ga gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya a tsaitsaye cikin gonakin. Tumaki da awaki suna ɗaure da damina, ana ba su harawa da rani, takinsu kuma yana komawa gona. A wancan zamani jakuna kan shiga birni da itace, su fito da mangalar taki.

Bisa lissafin da aka saba da shi, ƙasar da ake noma wa haka ba hutu tilas ta gaji, itatuwa kuma su ƙare. Wannan ra'ayi ya sami ƙarfi a 1990, sa'ad da Stoorvogel da Smaling, masana daga ƙasar Holan, suka ƙiyasta cewa gonakin Afirka kudu da Sahara suna asarar kimanin kilo 22 na sinadarin naitorojin a kowace hekta duk shekara. Irin wannan lissafi ne ya share fagen taron taki da shugabannin Afirka suka yi a Abuja a 2006, inda aka ƙudura ɗaga amfani da takin zamani daga kilo 8 zuwa kilo 50 a hekta.

Amma waɗanda suka tsaya suka yi awo a karkarar Kano sun ga wani abu dabam. Littafin Wood Fuel in Kano, wanda ya fito a 1990 daga aikin malaman Jami'ar Bayero, ya kwatanta hotunan sama na shekaru daban-daban da ƙidayar itatuwa a gonaki, ya nuna cewa manoman da ke kusa da birni sun riƙe itatuwansu duk da fari da kuma bukatar makamashi. Haka kuma a 1990 Mortimore da abokan aikinsa sun sake ɗibar ƙasa a wuraren da aka taɓa ɗiba a 1977, ba su kuwa ga alamar durƙushewar da ake tsoro ba, ko da yake ƙasar ba mai ƙarfi ba ce tun asali. Daga baya Frances Harris ta bi shigar sinadarai da fitarsu a gonakin Tumbau, cikin yankin Gezawa, ta nuna yadda wake da gyaɗa da dabbobi, har da ƙurar hunturu, ke mayar wa ƙasa da mai yawa daga abin da amfanin gona ya cire.

Abin lura a nan shi ne hanyar da aka bi. An iya yin kwatancin 1977 da 1990 ne kawai saboda an san wuraren da aka ɗebi ƙasa da farko, an kuma san irin gwajin da aka yi mata. Yau an wuce shekara 30 da awo na biyu. Jama'a ta ninka, jaki ya ba mota da babur wuri, gyaɗa ba ta koma matsayinta ba tun bayan farin 1973 da cutar da ta auka mata a 1975. Ko har yanzu ƙasar na riƙe da ƙarfinta? Wanda duk ya so amsa wannan, dole ya sami lambobin da aka rubuta a da, wuri-wuri, gona-gona. Wannan ita ce bukatar da rumbun bayanai ya kamata ya biya.

3.0 Mene ne rumbun bayanan bincike?

Ya kamata a bambanta abubuwa biyu da akan cakuɗa. Akwai ma'ajiyar maƙalu da kundaye, wadda ke ba mutum abin da marubuci ya faɗa game da bincikensa. Akwai kuma rumbun bayanai, wanda ke ba shi ɗanyen bayanin kansa, watau jadawalin da kowane layi yake gona guda ko gida guda ko samfurin ƙasa guda. Maƙala takan ce matsakaicin amfanin gero a ƙauye kaza ya kai kaza. Ɗanyen bayani kuwa zai nuna wace gona ce ta sami taki, wacce ce ba ta samu ba, ta wa ce take kusa da gida, ta wa ce take nesa. Daga matsakaici ba a iya komawa ga waɗannan.

Kowane ajiya a irin wannan rumbu yana da sassa uku. Na farko shi ne jadawalin kansa. Na biyu shi ne abin da za mu kira takardar rakiya, wadda ke faɗin wanda ya tara bayanin, da wuri, da lokaci, da hanyar awo, da ma'anar kowane ginshiƙi na jadawalin. Na uku kuwa lambar shaida ce ta dindindin, wadda ake kira DOI, da ita ake ambaton bayanin kamar yadda ake ambaton littafi, kuma tana kai mutum gare shi ko da an sauya masa mazauni. Idan mai nema ya rubuta kalma a akwatin nema, mafi yawan rumbunan ba jadawalin suke karantawa ba, takardar rakiya suke dubawa. Saboda haka bayanin da aka ajiye da rakiya mara kyau, da shi da babu kusan ɗaya ne.

A 2016 wasu masana suka tsara sharuɗɗa huɗu da aka fi sani da sunan FAIR: a iya gano bayani, a iya samunsa, a iya haɗa shi da waninsa, a kuma iya sake aiki da shi. Tun kafin nan, a 2013, ƙungiyar cibiyoyin binciken noma na duniya ta CGIAR ta riga ta wajabta wa cibiyoyinta buɗe bayanansu, ta kuma sabunta wannan ƙa'ida a 2021. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin biyu daga cikin cibiyoyin suna aiki a Kano: IITA, wadda ta buɗe reshenta a nan a 1990, take kuma da gonar gwaji a Minjibir, da ICRISAT, mai nazarin gero da dawa da gyaɗa.

4.0 Abin da manazarci zai samu a yau

Wanda ya zauna da kwamfuta a Bichi ko Dambatta, in wuta da layi sun yarda, zai iya samun abubuwa da dama kyauta. IITA da ICRISAT kowace tana da rumbunta, inda ake zuba sakamakon gwaje-gwajen iri da taki. Rumbun Genesys, wanda aka buɗe a 2011, yana tattara bayanin irin shuka da ke ajiye a taskokin duniya. Ta nan ake iya bin diddigin wake iri fiye da 15,000 da IITA ke ajiye da su a Ibadan, da wuraren da aka samo su. Game da ruwan sama akwai CHIRPS, na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara a Amurka, wanda ke haɗa awon tauraron ɗan'adam da na tashoshin ƙasa tun daga 1981. Hotunan Landsat, waɗanda aka fara ɗauka a 1972, sun zama kyauta tun 2008. Game da ƙasa akwai SoilGrids na cibiyar ISRIC da ke Holan, da taswirar iSDA ta Afirka wadda ta fito a 2020. Game da gidajen manoma kuwa akwai binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi tare da Bankin Duniya tun 2010 zuwa 2011, inda ake komawa ga gidaje kimanin 5,000 lokaci bayan lokaci, ana kuma ajiye amsoshin a rumbun bankin.

Lalle wannan ci gaba ne babba. Abin da malamanmu suka yi ta bin ofisoshi da wasiƙu kafin su gani, yau ɗalibi yana iya saukar da shi cikin dare ɗaya. Sai dai akwai tarko a ciki, kuma ɗalibanmu na yawan faɗawa.

Tarkon shi ne na ma'auni. Kowane gurbi na CHIRPS ya kai kusan kilomita biyar da rabi a tsawo da faɗi, watau kimanin hekta 3,000. Kowa ya san damina a arewacin Kano: akan yi ruwan shuka a wannan unguwa, maƙwabciyarta ta kwana da ƙura. Gurbin SoilGrids mita 250 ne, ya haura hekta shida, alhali gona guda a yankin sau da yawa ba ta cika hekta ba. Ke nan gurbi ɗaya ya haɗiye gonar da ke bayan gida mai shan taki kowace shekara tare da wadda rabonta da taki ya daɗe. Taswirar iSDA ta fi kusantowa, domin gurbinta mita 30 ne, amma a tuna cewa ƙiyasi ce: an gwada samfura fiye da 100,000 daga nahiyar baki ɗaya, sa'an nan kwamfuta ta yi hasashen sauran wurare bisa kamanni. Lambar da mutum ya gani a kan wata gona a Kunci ba lalle ne an taɓa ɗibar ƙasar gonar ba. Shi kuwa binciken gidaje an tsara shi ne ya wakilci ƙasa da shiyyoyinta, ba ƙaramar hukuma ba, kuma da gangan ake karkatar da wurin ƙauye da 'yan kilomitoci a bayanin da aka buɗe wa jama'a, domin a sakaya waɗanda aka yi wa tambaya. Ɗalibin da ya ciro gidajen Kano kaɗan daga ciki ya ce ga halin noman Minjibir, ya ɗora wa bayanin kayan da ba zai iya ɗauka ba.

5.0 Tsohon bayani

Binciken da aka yi kafin zamanin kwamfuta ya iso gare mu ne galibi a taƙaice, watau jadawalin matsakaici a cikin littafi ko rahoto. Ba al'adar lokacin ba ce a buga takardun fili. Haka abin yake ga aikin David Norman a ƙauyukan Zariya a shekarun 1960, da na Polly Hill a Ɗorayi a 1971 zuwa 1972, wanda ya fito cikin littafinta na 1977. Misalin Ɗorayi ya isa a yi tunani: gonakin da ta auna yawancinsu sun zama unguwannin birni. Abin da ke faruwa a Ungogo yanzu ke nan. Inda gini ya rufe gona, takarda ce kaɗai shaidar da ta rage.

Akwai ma abin da ya girmi waɗannan. A farkon mulkin Turawa, Hukumar Gargajiya ta Kano ta yi amfani da malaman taki, waɗanda ke auna gonaki da takun ƙafa domin yanka haraji. Rahotannin gundumomi na wancan zamani suna cikin Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Ruwan saman Kano kuma ana rubuta shi tun farkon ƙarni na 20. Sa'an nan ga bayanan da Hukumar Raya Noma da Karkara ta Jihar Kano, watau KNARDA, ta tara tun farkon shekarun 1980, ga kuma kundayen digiri na Jami'ar Bayero da na Cibiyar Binciken Noma ta Samaru. Ɗaukar hoton irin waɗannan takardu mataki ne na farko, amma hoton shafi ba jadawali ba ne. Sai wani ya zauna ya kwafe lambobin layi-layi, wani kuma ya bi bayansa ya duba, kafin a iya nema ko lissafi da su. Aiki ne mai cin rai wanda ba ya kawo suna, shi ya sa ake gudunsa.

Wanda zai yi wannan aiki sai ya san tarihin iyakoki. "Jihar Kano" a rahoton 1985 ta haɗa da Jigawa, wadda aka cire a 1991. Gundumar hakimi ta 1964 ba ita ce ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunanta a yau ba. In ba a rubuta wannan a takardar rakiya ba, mai nema daga nesa zai jera lambobi biyu na wurare mabambanta ya ce noma ya ragu da rabi.

6.0 Matsalar harshe da ma'aunai

A nan ne, a ganina, masana Hausa suke da aikin da ba wanda zai yi musu. Manomin Gezawa ba ya lissafin amfaninsa da kilo. Gero da dawa dami ne, taki mangala ce ko amalanke, hatsin da aka sussuka kwano ne ko mudu ko tiya ko buhu, gona kuma akan faɗi girmanta da kunya ko da yinin aiki. Dami kuwa ba ɗaya ba ne: na wannan gari ya fi na wancan, na shekarar albarka ya fi na shekarar fari. Manazarci yakan mayar da waɗannan zuwa kilo da hekta kafin ya buga, amma sau nawa yakan faɗi adadin da ya yi amfani da shi? In ya ɗauki dami a kan wani nauyi, wanda ya biyo shi bayan shekara ashirin ya ɗauke shi a kan wani, to bambancin da za a gani tsakaninsu ba na gona ba ne, na alƙalami ne. Binciken gidaje na Hukumar Ƙididdiga ya yi abin koyi a nan, domin ya auna ma'aunan gargajiya a kasuwanni ya kuma ajiye jadawalin juyawa tare da bayanin. Ƙa'idar da ta kamata ita ce a ajiye amsar manomi yadda ya faɗe ta a ginshiƙi ɗaya, juyin kilo a wani, sa'an nan a bayyana yadda aka juya.

Haka nan sunaye. Waken nan na gida da ake kira Ɗan'ila, wanda masu gwaji suka daɗe suna kwatanta sababbin iri da shi, ana samunsa a rubuce Dan Ila da Danila da Dan'ila. Kwamfuta ba ta san abu ɗaya ba ne, kuma wanda ya nema da ɗ mai lanƙwasa yana iya tashi hannu rabbana. Sabon iri ma yana da sunaye fiye da ɗaya: wanda IITA ta sa wa lamba IT97K-499-35, mai jure wuta-wuta, shi ne aka fitar wa manoma da sunan SAMPEA 10, su kuma manoma sukan raɗa wa iri nasu sunan. Kalmar taki kanta, wadda muka ambata da ma'ana biyu a wannan takarda, rubutunta ɗaya ne, karin sauti ne ke raba su. Sa'an nan ga rabe-raben ƙasa na manomi, jigawa da rairayi da jangargari da laka da fadama, waɗanda ke ɗauke da sanin yadda ƙasa ke riƙe ruwa da abin da take so, amma ba su da gurbi a mafi yawan jadawalin da ake cikewa. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙamus na kalmomin noma mai suna AGROVOC, wanda rumbuna da yawa ke dogara da shi wajen nema. Irin wannan jeri na daidaitattun kalmomi, mai haɗa sunan Hausa da sigogin rubutunsa da sunan kimiyya, shi ne ya kamata sassan Hausa da na aikin gona su haɗa kai su tsara, tare da Cibiyar Nazarin Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero, wadda aka kafa a 2012.

7.0 Haƙƙin manomi da rabon kwalejoji

Buɗe bayani yana da iyaka. A yankin da gona ta yi tsada, rikicin gado da na iyaka kuma ba baƙo ba ne, jadawalin da ya nuna sunan mai gona da girmanta da bashin da ake binsa yana iya cutar da shi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta hana sarrafa bayanin mutum ba bisa ƙa'ida ba. Amma ga wuyar: kwatancin da muke nema yana bukatar a san ainihin gonar. Mafitar da manyan rumbuna ke bi ita ce ajiya hawa biyu, watau jadawalin da aka cire wa sunaye a buɗe ga kowa, ainihin wuraren kuma a kulle, sai wanda ya nemi izini da dalili. Ya kamata kuma a faɗa wa manomi da mai unguwa, da Hausa, tun ranar da aka je, inda amsoshinsu za su tafi.

Wasu abokan aiki sukan ce in sun saki bayaninsu wani mai kayan aiki a Turai zai riga su bugawa. Wannan tsoro yana da tushe, ba a kuma kore shi da wa'azi. Abin da ke rage shi shi ne lambar DOI, wadda ke sauƙaƙa ambaton mai bayanin, da kuma damar da rumbuna ke bayarwa ta a ajiye yanzu a buɗe bayan wa'adi.

A kwalejojin ilmi da na aikin gona, kowace shekara ɗalibai masu yawa sukan koma garuruwansu su ƙidaya itatuwa, su auna gonaki, su tambayi farashin hatsi a Dawanau da kasuwannin ƙauye. Akan karɓi kundin mai bango a jera a kanta, takardun tambayoyin kuwa, inda ɗanyen bayanin yake, su ne ake fara zubarwa. Ba duk wannan aiki ne mai inganci ba, kowane malami ya sani. Amma sashe ɗaya yana iya zaɓen ƙauyuka uku ko huɗu, ya tsayar da tambayoyi da ma'aunai iri ɗaya, ɗaliban kowace shekara su koma gonakin nan dai su auna. Ba a bukatar kwaleji ta mallaki babbar na'ura: rumbun Zenodo, wanda cibiyar CERN da ke kusa da Janiba ke gudanarwa tun 2013, da Dataverse na Jami'ar Harvard, duk suna karɓar ajiya kyauta, suna kuma ba da lambar DOI. Abin da sashen zai tanada shi ne malami guda mai duba jadawali kafin a ɗora, da takardar rakiya cikin Hausa da Ingilishi, da sikeli guda da za a riƙa ɗora dami a kai kowace kaka.